Kama da Wane Ba Ta Wane: Su Wa Yaran Tasawa da Mayahi Ke Kallo?

Ranar 15 ga Oktoba 2024 hukumomin Nijar suka sauke sunan Charles de Gaulle daga ɗaya daga cikin manyan titunan Yamai, suka ɗora na Djibo Bakary. A ranar ce kuma aka cire hoton Monteil, hafsan Faransa da ya ratsa ƙasar nan a ƙarshen ƙarni na 19, aka sa na Thomas Sankara a gurbinsa. Mutane sun yi murna, kuma suna da hujja. Ƙasar da ta shekara 64 da karɓar mulkin kai bai dace 'ya'yanta su ci gaba da kai-da-komo a ƙarƙashin sunayen waɗanda suka mallake kakanninsu ba.

Sai dai tsakanin Yamai da Tasawa akwai tafiyar fiye da kilomita 700. Yarinyar da ke aji shida a wani ƙauye na Kanambakashe, da yaron da ke kora awaki bayan an tashi daga makaranta a Urafan, ba su taɓa taka wannan titi ba, wataƙila ma ba za su taka ba. Abin da ya shafe su ya fi haka kusa. In sun ɗaga kai, wa suke gani riƙe da ragamar wani abu, wanda ya tashi daga inda suka tashi, har zuciyarsu ta raya musu cewa su ma za su iya? Gundumar Tasawa da ta Mayahi, inda yaran nan biyu suke zaune, kowacce ta haura mutum rabin miliyan tun a ƙidayar 2012, kuma kusan rabin jama'ar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Irin mutanen da yaran nan suke kallo yau, su ne irin shugabannin da yankin zai samu nan da shekara ashirin.

Abin da aka auna a wasu ƙasashe

A Amurka an daɗe ana wannan muhawara, kuma da launin fata ake yin ta, domin can baƙar fata ya fito daga bauta ya shiga wariya, ya daɗe bai ga irinsa a kan kujera ba. Shi ya sa zaɓen Shirley Chisholm zuwa majalisar wakilai a 1968, da na Barack Obama a 2008, suka zama ranakun da iyaye ke nuna wa 'ya'yansu. Masu bincike ba su tsaya ga farin cikin ranar ba, sun bi yara sun ga abin da ya biyo baya. A 2017 Seth Gershenson da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bin diddigin ɗalibai a jihar Karolina ta Arewa: yaro baƙar fata ɗan gidan talakawa da ya samu malami baƙar fata ko da guda ɗaya ne tsakanin aji uku da aji biyar na firamare, haɗarin ya bar sakandare bai gama ba yakan ragu da kashi 39 cikin ɗari. A lura, malamin aji ake magana, mutumin da yaro ke gani kullum da safe.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Indiya. A 1993 ƙasar ta gyara tsarin mulkinta, ta ware wa mata kashi ɗaya bisa uku na shugabancin majalisun ƙauyuka, kuma ƙauyukan da abin zai faɗa wa ana fitar da su ne ba tare da son rai ba. Lori Beaman da Esther Duflo da abokan aikinsu suka bi ƙauyuka 495 a jihar Bengal ta Yamma, suka buga abin da suka gano a mujallar Science a 2012. Inda mace ta yi shugabanci sau biyu a jere, tazarar da ke tsakanin burin 'yan mata da na samari ta ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku, iyaye sun ɗaga burin da suke yi wa 'ya'yansu mata, tazarar karatu tsakanin jinsin biyu ta shafe, lokacin da 'yan mata ke ɓatawa a aikin gida ya ragu. Abu biyu ne za mu riƙe a nan. Shugabar ta ƙauye ce, ana haɗuwa da ita a rijiya da kasuwa. Kuma zango ɗaya bai isa ba, sai da ido ya saba.

Mu a nan tun 1960 babu Bature a kan kujerar mulki. Gwamna namu ne, kantoma namu ne, alƙali da jandarma namu ne. Da launi kaɗai ke warkar da ciwon, da mun daɗe da warkewa. Tarihin Tasawa kanta ya isa ya nuna mana dalilin da ya sa ba mu warke ba.

Da ɗan gari akan ci gari

A gefen babbar hanyar da ta tashi daga Tasawa zuwa Damagaram, a Maijirgi, akwai kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa biyu da suka jagoranci ayarin da ya nufi tafkin Chadi a 1899. Ayarin nan ne ya yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ya ƙone Birnin Kwanni, ya bar gawarwaki a rijiyoyi da rassan itatuwa har zuwa Koran Kalgo. Da labarin ta'asar ya kai Faransa aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su. Ranar 14 ga Yuli 1899 Voulet ya sa aka harbe shi kusa da Dankori, sannan ya tara mutanensa ya shaida musu cewa shi ya daina zama Bafaranshe, ya zama sarkin baƙar fata, zai kafa daular kansa. Cikin kwana uku sojojinsa suka gama da shi da abokinsa.

Turawan da ke cikin ayarin nan ba su wuce goma ba. Ɗaruruwan da suka riƙe bindigogi, suka cinna wa rumbuna wuta, 'yan Afirka ne da aka kwaso daga yamma. Su ne kuma a ƙarshe suka juya bindigogin suka kawo ƙarshen abin. Fata ɗaya, hannu ɗaya, aiki biyu. Abin da ya bambanta aikin farko da na biyu shi ne wanda suke karɓar umarni daga gare shi.

Da mulkin mallaka ya zauna, Faransa ta gane cewa ba ta da Turawan da za su isa kowane ƙauye. Sai ta riƙe sarakuna, ta naɗa wanda ta ga dama, ta tuɓe wanda ya yi gardama. Mai karɓar harajin kai ɗan ƙasa ne mai rawani, mai ɗibar samari zuwa aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946, shi ma ɗan ƙasa ne, da Hausa yake magana. Talaka ya ga irinsa a kan doki, amma ya san ba a gabansa mai dokin ke rusunawa ba.

Da aka fara jefa ƙuri'a, mutanen yankin nan sun nuna sun san bambancin. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta tara 'yan kamasho, direbobi, masu sana'a da ƙananan ma'aikata, ta nemi a ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Gwamna Colombani ya tsaya da ƙarfin gwamnati da na sarakuna har Sawaba ta faɗi. A zaɓen majalisa na Disamba na shekarar, Sawaba ta ci Tasawa da Damagaram, sai aka soke sakamakon mazaɓun biyu, kujerun Tasawa aka miƙa wa abokan hamayyarta. A Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar baki ɗaya. Wakilan da suka zauna a madadin Tasawa bayan haka baƙaƙe ne kamar waɗanda aka zaɓa, amma ba su aka zaɓa ba.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan darasi ba. A Marikana ta Afirka ta Kudu, a 2012, 'yan sanda sun harbe masu haƙar ma'adinai 34 a ƙarƙashin gwamnatin jam'iyyar da ta yaƙi wariyar launin fata. Kama da wane ba ta wane. Fuska takan buɗe wa yaro ƙofar buri, wannan an auna an gani. Amma wakilci sai mai kujera ya san cewa waɗanda suka yi kama da shi ɗin su suka ɗora shi, kuma suna iya sauke shi.

Ɗan Tasawa da Tasawa ba ta ba da labarinsa

Ranar 26 ga Yuni 1929 aka haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa. Asalin gidansu daga yamma ne, wajen kogin Isa, amma a nan aka yanke masa cibiya. Ya bi ta makarantar William Ponty a Senegal, ya wuce Faransa, a 1956 ya ci jarrabawar ƙoli ta malaman kimiyyar fiziya, wadda kafin shi babu wani ɗan Afirka baƙar fata daga ƙasashen renon Faransa da ya ci ta. Da Gini ta ce a'a a 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta, yana cikin waɗanda suka tafi Konakiri suka riƙe azuzuwa. A 1964 ya buga littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya kafa hujja cewa makarantar da aka gada daga Turawa an gina ta ne don samar da 'yan ƙalilan masu yi wa mulki hidima, ya kuma nemi a koyar da yara da harsunan iyayensu. Daga 1969 ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da hasken rana tun duniya ba ta damu da abin ba. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu a 1991, shekara ta gaba aka sa wa jami'ar sunansa.

A shiga wata kwaleji a Tasawa ko Korgom a tambayi ɗalibai wane ne Abdou Moumouni. Mafi yawa za su ce jami'a ce a Yamai. Kaɗan ne za su san mutum ne, ƙalilan ne za su san a garinsu aka haife shi. Alhali faifan sola da ke cajin wayoyi a kasuwar Mayahi, da wanda ke jawo ruwa a famfunan ƙauyuka, fannin da mutumin nan ya ƙare rayuwarsa a kai ne. Haka Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyyar sinadarai ɗan Maraɗi da jami'ar jihar ke ɗauke da sunansa. Haka Amadou Cheiffou ɗan Kornaka, injiniyan harkar jiragen sama da taron ƙasa ya ɗora a kujerar firaminista a 1991. Sunayen suna kan allunan ƙofa, labarin kuwa bai shiga aji ba. Suna kaɗai ba ya koya wa yaro komai. Abin da yake buƙatar ji shi ne yadda aka yi: wace makaranta, wace jarrabawa, wa ya biya kuɗi, ina aka yi tuntuɓe, yaya aka tashi.

Tun da ba a ba shi wannan ba, yaro yana koyi da abin da idonsa ya gani. Yana ganin alhajin da ya yi arziki da fataucin kan iyaka, irin alhazan Maraɗi da suka taso da cinikin gyaɗa suka koma shigar da kaya Najeriya. Yana ganin ɗan kokawar da makaɗa ke wasawa, tun daga Kantu na Maraɗi da ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975. Yana ganin wanda ya dawo daga haƙar zinariya a Jado ko daga Libiya da sabon babur. Babu abin kunya a kasuwanci ko kokawa ko ci-rani. Matsalar ita ce waɗannan hanyoyi a bayyane suke taku-taku, hanyar boko kuwa ƙarshenta ba ya ganuwa daga ƙauye. Wanda ya yi nasara a boko yana Yamai, sai salla ko rasuwa ake ganinsa. Wanda ya rage a gari shi ne mai digirin da ke zaman fada yana dafa shayi, da mushe ɗan kwantiragi da ke koyarwa a rumfar zana yana cin bashin mai shago kafin 'yan kuɗinsa su zo. Uban da ya ce, "Ga ɗan wane nan ya gama lakwal, me ya samu?" ba jahilci ke damunsa ba. Lissafi yake yi da abin da ke gabansa.

Kujerar da mata suka taɓa zama

In lamarin yaro namiji ya kai haka, na yarinya ya fi. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa kashi 89. Yarinyar da duk matan da ta sani sun bar aji kafin su kai kwaleji, da wa za ta auna kanta?

Masu cewa shugabancin mace baƙon abu ne da ƙungiyoyin Turai suka kawo, tarihin gidansu ne ba su bincika ba. Katsinawan da jihadi ya kora suka kafa Maraɗi, waɗanda gidan sarautar Tasawa reshensu ne, sun zo da sarautar Iya, Gobirawan Tsibiri kuma suna da Inna. Mace ce daga gidan sarauta, tana da fadarta, tana sauraron ƙarar mata, tana da murya a gaban sarki. A ɗaya gefen kuma, a daular Sakkwato da suka yi shekara da shekaru suna yaƙi da ita, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru: takan naɗa mace jaji, ta ɗora mata malfa, ta tura ta ƙauyuka ta karantar da mata. Sakkwato da Maraɗi sun saɓa a kan abubuwa da yawa, amma kowacce ta bar wa mace wurin da ake ganinta tana jagoranci. Baturen mulki ne ya zo ya ce da maza kaɗai zai yi hulɗa, su ya ba albashi da kaso na haraji, kujerun mata suka koma na biki.

Dawo da su sai da aka yi gwagwarmaya. Ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka yi maci a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya taron ƙasa, ranar da har yau ake tunawa a matsayin ranar matan Nijar. A majalisar da aka zaɓa a 1999 mace ɗaya ce cikin 'yan majalisa 83. Dokar kaso ta watan Yuni 2000 ta wajabta kashi 10 cikin ɗari a kujerun zaɓe da kashi 25 a muƙaman naɗi, sai ga mata 14 cikin 113 a 2004. An ɗaga kason zaɓe zuwa 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019. A watan Yuni 2009 kuma, da Shugaba Tandja Mamadou ya nemi tazarce, kotun tsarin mulkin da ta ce masa doka ba ta yarda ba mace ce ke shugabantarta, Salifou Fatimata Bazeye. Ya rusa kotun, amma ƙasa ta ga abin da ta gani.

Duk da haka, makarantar shugabanci mafi girma da matan karkara suka samu a jihar Maraɗi aka haife ta. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, ta gina shi a kan adashin da mata suka saba da shi. Wanda ya taɓa tsayawa a gefen taronsu ya san yadda abin yake. Mata ashirin da wani abu zuwa talatin a kan tabarmi, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku a tsakiya, makullan a hannun mata uku dabam, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu. Shugaba ta buɗe taro, a kira kowa ta zuba nata, dala ashirin ko hamsin, masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Inda babu mai rubutu, kowace mace tana riƙe da lissafin ta kusa da ita a ka. Mai neman rance ta faɗi abin da za ta yi da shi, ko ƙuli-ƙuli, ko kiwon tunkiya, ko saƙar tabarmar kaba irin ta gulbin Mayahi. Wadda ta makara ta biya tara, ko da matar mai gari ce. Sai ka ji ƙaramar yarinya mai goyo ta ce wa tsohuwa, "Inna, ki yi haƙuri, doka ce muka sa da bakinmu," tsohuwar ta kwance bakin zane ta biya.

A wannan zama mace ke koyon magana a gaban jama'a, da tsayawa zaɓe, da riƙon amanar kuɗin wasu, da sauka in wa'adi ya cika. 'Ya'yansu mata kuma suna nan a gefe suna kallo. Tsarin ya bazu daga nan zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, kuma da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi, daga cikin waɗannan ƙungiyoyi ne mata da yawa suka fito suka zama kansiloli.

Haka sassaben zamani ya yaɗu. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka fara barin tohon itatuwa a gonakinsu suna gyara shi, ƙauyuka irin su Dan Saga a gundumar Agye suka kafa kwamitocin tsaro da mata a ciki, har aka kiyasta hekta miliyan biyar sun farfaɗo a kudancin ƙasar. Takardar gwamnati ba ta isa ta yi wannan ba. Manomi ne ya leƙa gonar maƙwabcinsa ya ga gero ya fi nasa. Gani ya kori ji.

Matakin da ya fi kusa da ƙasa

Mayahi na cikin wuraren da aka fara gwada mulkin ƙananan hukumomi a Nijar, da tallafin wani asusu na Majalisar Ɗinkin Duniya, tun kafin zaɓen farko na 24 ga Yuli 2004. Daga wannan zaɓe ne Sarkin Hausa, Isawan, Cake, Atantane, Gidan Amumun, Hawandawaki, Ba'udeta, Kona da sauransu suka samu magajin gari da kansiloli na kansu. Karo na farko ke nan da manomi ko mai sayar da fura za su iya cewa wanda ke tsara kuɗin harajin kasuwarsu da ƙuri'arsu ya hau, kuma sun san ƙofar gidansa.

Amma a duba yadda aka riƙe abin. Zaɓe uku kacal aka yi cikin shekara ashirin: 2004, 2011 da Disamba 2020. Majalisun 2011 an yi ta ƙara musu wa'adi har suka kusan shekara goma. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, a watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun gaba ɗaya aka naɗa kantomomi, akasarinsu jami'an tsaro. A Maris 2025 aka rusa jam'iyyu. Binciken Indiya ya ce sai an yi zango biyu a jere ido ke sabawa. Mu kuwa kullum aka fara sai a katse.

Masu goyon bayan rusawar suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Magadan gari da yawa sun sayar da filaye, sun cinye kuɗin kasuwa, wasu ma a Maraɗi ko Yamai suke kwana. Kason mata ma an yi wasa da shi: sau da yawa uban jam'iyya kan cike gurbin da matarsa ko ƙanwarsa, ta zauna a majalisa shekara biyar ba a ji muryarta ba, ga takardun kasafi da Faransanci wanda ba ta karantawa. Wani kantoman kuma zai iya fin wanda ya gada tsare gaskiya da zafin nama. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai kantoma, komai kirkinsa, daga sama aka aiko shi, can kuma yake kai rahoto. Yarinyar Kanambakashe ba ta da hanyar da za ta bi ta zama shi. Kansila kuwa, ko da ta fi shi rauni, uwar ƙawarta ce, ta ga ranar da ta fara, ta ga yadda aka yi. Maganin zaɓaɓɓen da ya ci amana shi ne mai binciken kuɗi da alƙali da zaɓe na gaba.

Akwai kuma masu cewa a bar zancen wakilci a nemi cancanta kawai, domin "namu ne" ita ce kalmar da ta fi kowace lalata siyasar Afirka. Tsoronsu yana da tushe. Ɗan gida ɓarawo ya fi baƙo ɓarawo illa, saboda kunya takan hana a tona shi, yara kuma su ɗauka cewa haka ake yi. Amma cancanta ba daga sama take faɗowa ba. Wanda bai taɓa riƙe kuɗin kwamitin famfo ba, bai taɓa jagorantar taron iyayen yara ba, a ina zai koyi riƙon gunduma? Wanda ya toshe ƙananan kujeru sannan ya ce babu ƙwararru a karkara, shi ya hana su samuwa. Kuma misalin Abdou Moumouni ya isa amsa ga masu tsoron ƙabilanci: ɗan Zabarmawa ne da aka haifa a garin Katsinawa, ya yi wa Gini da Mali da Nijar aiki. Kusancin da ake nema na hanya ne da hali, ba sai an haɗa jini ba.

Abin da za a iya yi

Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. In da gaske ake, wurin da za a fara gani shi ne aji da zauren ƙaramar hukuma. A rubuta tarihin Abdou Moumouni, Dan Dicko, Nana Asma'u, Sarauniya Mangu, Djibo Bakary da Bazeye cikin Hausa mai sauƙi, da Fulfulde da Tamashek don 'ya'yan makiyayan arewacin Mayahi, a faɗi nasararsu da kurakuransu, a raba wa makarantu, gidajen rediyon karkara su karanta. A riƙa karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukuma da Hausa a bainar jama'a ranar kasuwa, ko kantoma ne a kai ko zaɓaɓɓe.

Malamai mata da ungozomomi 'yan asalin yankin a tura su kusa da gida, a ba su masauki mai tsaro, a biya su a kan lokaci, domin malamar da ke roƙon bashi darasin da take koyarwa ba shi ne wanda ke kan allo ba. Ƙungiyoyin 'yan asalin Tasawa da Mayahi mazauna Yamai, Kano da ƙetare su wuce gina masallaci da rabon buhunan azumi: likita, injiniya, alƙaliya, kowa ya ɗauki makarantar da ya fito, ya shiga aji sau ɗaya a shekara, ya faɗi yadda ya yi, ya bar lambar da ɗalibi zai kira in ya ci jarrabawa bai san inda zai nufa ba. Sarakunan Tasawa, Mayahi, Kanambakashe, Korgom da Urafan, da malaman da ake jin maganarsu, su fito fili su yabi uban da ya bar 'yarsa ta gama kwaleji, kamar yadda ake yabon wanda ya cika rumbu.

Mafi nauyi yana wuyan masu mulki a Yamai. Wa'adin shekara biyar da kundin ya ɗiba musu na iya tafiya da dogon lissafin tsaro, amma zaɓen ƙananan hukumomi bai kamata ya jira na shugaban ƙasa ba. A sa masa rana, a bar 'yan takara masu zaman kansu su tsaya, a riƙe kason kashi 25 na mata, a ba ƙungiyoyi irin Mata Masu Dubara da na manoma da makiyaya damar fitar da nasu. Gwamnatin da ta ce ta zo ne don 'yan ƙasa su mallaki ƙasarsu, a Isawan da Hawandawaki za a gane ko ta cika alkawari, ranar da mutanen can suka sake samun ikon ɗora wanda suke so da sauke wanda ya gaza.